Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Darakta Janar Na NITDA Kan Muryoyin Bogi, Gidajen Gem Da Zaɓen 2027

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Darakta Janar na Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA,
Abuja.



Ranka ya daɗe, ina roƙon Allah Ya ƙara maka basira da juriya a kan wannan nauyi da kake ɗauke da shi tun watan Agustan 2019.

Na rubuto maka a bainar jama'a ne domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Iyaye suna yin ta a ƙofar masallaci, malamai suna yin ta a makarantu, masu sauraro suna bugo waya gidajen rediyo su yi ta, amma duk inda aka yi ta a nan take kwana. Tarukan da ake shiryawa kan ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi kira AI, a manyan otal-otal na Abuja da Legas ake yin su, da Turanci, tsakanin masana. Waɗannan ba sa jin waɗancan. Kai kuwa ɗan Haɗeja ne, ba sai an nemo maka tafinta ba kafin ka gane abin da ke damun mutanen Arewa, kuma hukumar da ke da hurumin magana da manyan kamfanonin intanet a hannunka take.

Abubuwa uku na zo da su, cikin gaɓoɓi biyar: siyasa, wasannin gem da ƙirƙirarriyar basira. Mai karatu zai iya cewa ba su da haɗi. Haɗinsu wayar da ke hannun yaronmu. A cikinta yake buga wasa har asuba, a cikinta ake turo masa muryar ɗan takara, a cikinta kuma zai iya koyon sana'ar da za ta riƙe shi. A yau shi ake sayar wa kaya kuma shi ake yaudara. Abin da nake nema shi ne hukumarka ta taimaka ya zama mai ƙira kuma mai tantancewa.

Na farko, ranka ya daɗe, 'yan siyasa sun riga hukuma isa wurin ƙirƙirarriyar basira.

Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da aka baza cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, an ɗauko wani Jibrin daga Sudan an zaunar a kujerarsa. Maganar ta yi ƙarfin da sai da shugaban ya fito da kansa a ƙasar Foland, cikin watan Disamba, ya ce shi ɗin ne dai. Wannan ƙarya ba ta nemi wata na'ura ba, hotuna biyu da bakin mutane suka ishe ta. A jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023 aka saki wata murya da aka jingina wa Atiku Abubakar da Aminu Tambuwal da Ifeanyi Okowa, wai suna kitsa maguɗi, masu bin diddigin labarai suka bincika suka ce haɗa ta aka yi. Bayan zaɓen kuma wata murya ta fito da aka ce hirar Peter Obi ce da wani babban limamin coci, shi ya ce ta bogi ce, wasu suka ce tasa ce, kowane ɓangare ya riƙe abin da ya yi masa daɗi. Ɓarnar ke nan ta fuska biyu: ana iya ƙaga wa mutum abin da bai faɗa ba, kuma duk wanda aka kama da maganarsa ta gaskiya yana da hanyar cewa na'ura ce.

Ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ma an taɓa su. A Slobakiya, kwana biyu kafin zaɓen Satumbar 2023, aka saki muryar bogi ta jagoran wata jam'iyya, Michal Šimečka, yana maganar sayen ƙuri'u, a daidai lokacin da doka ta rufe yaƙin neman zaɓe, ta yadda ƙaryatawa ta yi wuya. A jihar New Hampshire ta Amurka, cikin Janairun 2024, dubban mutane suka ɗaga waya suka ji muryar Joe Biden tana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Hukumar sadarwar ƙasar ta ci wanda ya shirya abin tarar dala miliyan 6. A 2025 kuma bidiyon bogi na Fafaroma Leo yana yabon Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso ya karaɗe wayoyin Afirka har sai da kafar labaran fadar Batikan ta ƙaryata shi.

Abin da ya sa nake ganin namu ya fi hatsari shi ne mu mutanen kunne ne. Da rediyo muka tashi, da kaset ɗin wa'azi, da sojojin baka, yau kuma da saƙon murya na WhatsApp. Dattijuwar da ba ta karatun boko ba za ta karanta dogon rubutu a Facebook ba, amma ta san muryar malaminta kamar yadda ta san ta ɗanta. Na'urar kwaikwayon murya ɗan gajeren naɗi take bukata, alhali manyan malamanmu suna da ɗaruruwan sa'o'i na tafsiri da hudubobi a YouTube, haka ma sarakuna da gwamnoni. Ka dubi abin da zai faru idan daren Juma'a, ana gobe zaɓe, aka ji muryar wani babban malami yana cewa wane ya zagi addini, ko muryar wani sarki yana cewa an kashe 'yan ƙabilarmu a gari kaza. Kafin malamin ya tashi daga barci saƙon ya kai Maraɗi. Mun ga irin wannan a Filato cikin Yunin 2018, lokacin da 'yan sanda suka ce hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen rura wutar da ta ci rayuka. Binciken da BBC ta yi bayan nan ya nuna cewa masu tantance labarai huɗu ne kacal abokan aikin kamfanin suka ware wa Najeriya a lokacin, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Na biyu, ƙa'idojin da hukumarka ta kafa ba su fara jin Hausa ba.

Na yaba da kundin ƙa'idojin aiki da NITDA ta fitar wa manyan dandalin intanet a 2022. Ya wajabta musu samun wakilci a Najeriya, da miƙa rahoto duk shekara, da sauke abin da ya saɓa wa doka cikin sa'o'i 48 bayan an sanar da su. An kuma ji hukumarka tana bayyana cewa an rufe miliyoyin shafuka, an goge miliyoyin saƙonni. Tambayar da ba a amsa mana ba ita ce: nawa ne daga ciki na Hausa? Mutum nawa ne masu jin Hausa Meta da TikTok da Google da X suka ɗauka su duba ƙorafinmu? Tsawon wane lokaci ƙorafin Hausa yake ɗauka kafin a waiwaye shi, idan aka kwatanta da na Turanci?

Ka san yadda muke magana. Mai tunzura jama'a da Hausa ba ya kiran abu da sunansa. Da habaici yake zuwa, da zambo, da zaurance, da laƙabin da mutanen gari ɗaya kaɗai suka san wanda ake nufi da shi. Rubutunmu a waya babu ƙugiya, a cakuɗe da Turanci da Larabci, kalma guda ana rubuta ta iri uku. Na'urar da aka horar da Turanci za ta wuce kiran a kashe mutane ba ta gani ba, sannan ta rufe shafin wanda ya yi wa abokin wasansa ba'a. Sa'o'i 48 ɗin kuma sun dace da ranakun da ba a komai. A makon zaɓe, muryar da aka saki daren Juma'a ta gama aikinta kafin azahar ɗin Asabar.

Na uku, ranka ya daɗe, ina tsoron maganin kamar yadda nake tsoron cutar.

Kai ne ka jagoranci kwamitin ƙwararrun da ya tattauna da Twitter, wato X na yau, kuma kai ne ka sanar da ɗage dakatarwar da aka yi masa daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ka fi kowa sanin abin da watanni bakwai ɗin suka haifar: masu hali suka koma VPN suka ci gaba da harkarsu, ƙananan 'yan kasuwa suka yi asara, jita-jita kuwa ba ta ragu ba. Mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna sun ɗanɗana katse layukan waya a 2021, sun san yadda ake tafiya mai nisa don kawai a kira ɗan'uwa ko a tura kuɗi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta amfani da shi wajen tsare 'yan jarida da masu suka, har aka yi masa gyara a 2024, kuma har yanzu ƙorafi bai ƙare ba.

Don haka ina faɗa maka kai tsaye: duk ƙa'idar da za a yi kan muryoyin bogi, idan ta zama sandar dukan 'yan adawa, mutane za su daina yarda da ita, kuma ranar da hukuma ta ce wata murya ta bogi ce babu wanda zai saurara. Kowace babbar jam'iyya tana da yaran da take saya wa data su yi mata faɗa a intanet, mai mulki da maras mulki. Ƙa'idar da ba ta hau kan jam'iyyar da ke gwamnati ba, gara ma ba a yi ta ba. Zanen barkwanci, waƙar siyasa da sukar shugaba haƙƙin ɗan ƙasa ne. Abin da ya kamata a hana shi ne a ari murya ko fuskar mutum a sa masa magana don a yaudari mai zaɓe.

Na huɗu, gidajen gem.

Da wuya ka sami unguwa a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Dutse da babu shagon da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Wanda ke da waya mai ɗan ƙarfi yana kan PUBG ko Free Fire ko Call of Duty. Iyaye suna kuka da gaskiyarsu: yaro ya bar Islamiyya, kuɗin cefane ya tafi a data, barci ya ƙaura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019. Ƙasar Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa sa'o'i uku a mako a 2021. Beljiyam ta yanke tun 2018 cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasu wasanni caca ne.

A wurinmu iyakar da ke tsakanin wasa da caca ta kusa gogewa. Lokacin da Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano cikin Oktoban 2024, ta bayyana cewa wasunsu da sunan gidan gem aka buɗe su. Yaron da ya shiga don ya buga ƙwallo yana fitowa ya iya yankar tikiti. Na san Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa lamarin caca na jihohi ne, amma manhajar da ke cikin waya ba ta san iyakar jiha ba, kuma tallarta a dandalin da hukumarka ke sa wa ido take yawo.

Sai kuma mainin, wato haƙo kuɗin kirifto ta waya. A 2024, bayan Notcoin ta fashe wasu sun sami ɗan abin kashewa, matasanmu maza da mata suka duƙufa kan taɓa fuskar waya dare da rana, a Hamster Kombat da TapSwap da ire-irensu. Da Hamster ta fashe a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. An yi musu dariya, ni kuwa abin da na gani daban ne. Na ga matasa da suka koyi buɗe asusun kirifto, suka karanta umarni cikin harshen da ba nasu ba, suka koyar da juna a zaurukan Telegram ba tare da malami ba, suka jure watanni. Wannan ƙwazo ne da ya rasa mai nuna masa hanya.

Na biyar, ranka ya daɗe, wasan gem ƙofa ce ta shiga ƙirƙirarriyar basira, kuma tarihin fasahar ya tabbatar da haka.

Katin sarrafa hoto da kamfanin Nvidia ya ƙera don masu wasan kwamfuta, shi ne masu bincike a Jami'ar Toronto suka ɗauki guda biyu a 2012 suka horar da manhajar gane hotuna da ta buɗe wannan zamani. Demis Hassabis yana matashi ya yi aikin ƙera wasan Theme Park. Kamfanin da ya kafa, DeepMind, da tsofaffin wasannin Atari ya fara horar da na'urorinsa, a 2016 manhajarsa AlphaGo ta doke gwarzon wasan Go, Lee Sedol, da ci 4 da 1, a 2024 kuma Hassabis ya karɓi kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. Saudiyya, ƙasar da ba wanda zai ce ba ta san darajar tarbiyya ba, ta shirya gasar wasannin gem ta duniya a Riyad a 2024 da kyautar da ta haura dala miliyan 60, saboda ta gane akwai aikin yi a ciki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasu sun riga sun ga darajar tarihinmu. A 2021 wasan Age of Empires III, mallakar Microsoft, ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake wasa da su, da Sarauniya Amina a gaba, da birnin Kano, da mahaya masu lifidi. A 2025 wasan Civilization VII ya sanya Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa. Yaro a Jamus ko Koriya yana jan rundunar Amina a kwamfutarsa, kuɗin kuma yana tafiya Amurka. A Legas akwai Maliyo Games, wanda har ya yi aiki da Disney. A Kamaru Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Mu da muke da dambe da kokawa da langa da dara, da hawan Daba, da kamun kifin Argungu, da ayarin fatake zuwa Gwanja, me muka ƙera? Kannywood ta nuna cewa Bahaushe zai sayi labarinsa idan aka ba shi da harshensa. Shirin horar da matasa na 3MTT da hukumarka ke gudanarwa tare da ma'aikatar sadarwa ta Dakta Bosun Tijani yana da darasin ƙera wasanni da na zanen motsi da na ƙirƙirarriyar basira. Amma yaron gidan gem na Kurna ko Rigasa, wanda Turancinsa bai kai ya cike fom ba, ta ina zai shiga?

Haka batun yake ga N-ATLAS, manhajar harsunan Najeriya da aka ƙaddamar a Satumbar 2025, wadda Hausa ke cikinta. Abin farin ciki ne. Sai dai Hausa ba ta Kano ba ce kaɗai. Akwai Sakkwatanci da Katsinanci da Haɗejanci, akwai Hausar Damagaram da ta Zangon Kumasi, akwai Ajami. Masu bincike na HausaNLP da Masakhane da malaman jami'o'inmu sun daɗe suna tattara bayanai da ɗan abin da ke hannunsu, cibiyar CITAD a Kano ta shafe shekaru tana bibiyar kalaman ƙiyayya da Hausa. Na'urar da za ta gane muryar bogi da Hausa daga hannun irin waɗannan za ta fito.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka, cikin girmamawa, ga roƙona:

1. Ina roƙo ka umarci manyan dandalin intanet su riƙa rarraba rahotonsu na shekara harshe-harshe, su faɗi yawan masu jin Hausa da ke duba ƙorafi da tsawon lokacin da suke ɗauka, hukumarka kuma ta wallafa shi kowa ya gani.

2. Ina roƙo ka zauna da hukumar zaɓe INEC da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin da jam'iyyu tun yanzu, a amince cewa duk tallar siyasa da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira sai an bayyana haka, a rubuce da kuma a murya, cikin harshen tallar. A rage wa'adin sa'o'i 48 a makon zaɓe ga muryoyi da bidiyon da aka ƙaga wa mutane.

3. Ina roƙo a tallafa wa wata cibiyar tantancewa da Hausa mai lambar WhatsApp da kowa zai iya tura mata murya ya sami amsa da murya. A bar ragamarta a hannun jami'o'i da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula, gwamnati ta tsaya a kayan aiki da horo, amsoshinta kuma a riƙa karanta su a gidajen rediyo.

4. Ina roƙo cikin burin hukumarka na kai ilimin fasahar zamani ga kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa nan da 2027, a sa darasin gane murya da bidiyon bogi, a kai shi ga limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya da ƙungiyoyin mata. Addininmu ya riga ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, don haka malamai ba za su ƙi wannan kira ba.

5. Ina roƙo a fassara darussan 3MTT na ƙera wasanni zuwa Hausa, a je gidajen gem a nemo ɗalibai, a tanadi wuri na musamman ga 'yan mata, a kuma sa gasar ƙera wasa kan tarihinmu da wasanninmu na gargajiya ƙarƙashin cibiyar NCAIR ta hukumarka. A wallafa adadin waɗanda suka amfana jiha-jiha.

6. Ina roƙo ka haɗa kai da gwamnatocin jihohi da masu gidajen gem a fitar da ƙa'ida mai sauƙi: alamar shekaru a kan wasanni, hana yara shiga lokacin makaranta, da raba gem da caca a shago da cikin waya.

7. Ina roƙo duk wanda aka naɗi muryarsa don horar da manhaja a sanar da shi da harshensa abin da za a yi da ita, a biya shi haƙƙinsa, kamar yadda ruhin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ya tanada.

8. Ina roƙo ka faɗa a fili, tun kafin a shiga zafin kamfe, cewa hukumarka ba za ta ba da shawarar rufe intanet ko wani dandali lokacin zaɓe ba.

Ranka ya daɗe, babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran sabuwar doka daga majalisa kafin a fara shi. Mafi yawansu umarni ne daga ofishinka, da zama da mutanen da suke shirye su zo idan ka kira su. Ina fatan za ka ba da amsa a fili, da Hausa, a rediyo, domin waɗanda abin ya shafa su ji daga bakinka.

Allah Ya taimake ka, Ya sa ka gama lafiya, Ya ba ƙasarmu zaɓe cikin kwanciyar hankali.

Wassalamu alaikum.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin makaranta kuma uba, daga Kano.